Neman shawara: hutun ƙarshen Mayu a Washinton da iyali, ta ina zan fara?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Washinton ciki da bai. Shekarata huɗu a Amurka, muna zaune a Ohio, amma wlh ban taɓa taka babban birnin ba sai dai in gani a talabijin, to bana na samu hutun ƙarshen watan Mayu, wannan da suke kira Memorial Day, ranar tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen daga, tunda kullum Litinin take faɗowa kaga na haɗa Asabar da Lahadi da Litinin kwana uku cif, ga shi sanyi ya wuce zafi kuma bai kankama ba. Ni da uwargida ne da yara biyu, babbar shekararta 11 ƙaramin 6, a mota zamu zo mu taso bayan sallar Juma'a, tafiyar kamar awa bakwai ce daga wajenmu.

Abin da ya taso da maganar 'yata ce. An koya musu yaƙin basasar Amurka a makaranta, ta dawo ta tsare ni da tambaya wai Baba me yasa baƙaƙen fata suka shiga soja suka mutu saboda ƙasar da ta bautar da su? Na yi shiru don ban da amsar da zata gamsar da ita, kuma abin ya tsaya min a rai, shi yasa nace gara mu je ta gani da idonta nima in ƙaru.

To kwana ukun zai isa? Kuma maƙabartar sojoji ta Arlington ɗin nan ranar Litinin ya kamata a je tunda ita ce ranar bikin ko yaya? Sannan akwai abin da nake ɗan jin nauyinsa, gsky ina jin wani iri in kwashi iyalina in kai su wajen da ake girmama sojojin da wasunsu a Iraƙi da Afganistan suka yi yaƙi, ban sani ba ko akwai wanda ya taɓa jin haka. Sai kuma wajen sallah. Na gode Allah ya bar zumunci.

Ɗan Maryland:

Wa alaikumus salam Baban Ilham, sannu da niyya. Ni shekarata goma sha biyu ina jan mota a garin nan, don haka bari in fara da abin da na fi sani: ka ajiye motar nan. Ka kama otal a gefen gari, ɓangaren Maryland ko Virginia, wanda ke kusa da tashar metro, jirgin ƙasa na cikin gari, ka yi fakin ka manta da ita sai ranar komawa. A wannan hutun ana toshe tituna da yawa, ranar Lahadi dubban masu babura tsofaffin sojoji suna cika gari, ranar Litinin kuma akwai fareti a titin Constitution, in ka shigo da mota rabin ranarka a neman wajen fakin zata ƙare yara su gaji su fara kuka tun ba'a ga komai ba. Ka sayi katin SmarTrip na hawa metro, kuma ka gaya wa yara ba'a cin abinci a cikin jirgin.

Arlington kuma kar ka kuskura ka je Litinin da safe. Ranar ne shugaban ƙasa ko mataimakinsa ke zuwa ajiye furanni, tsaro ya yi yawa, layi kamar ba zai ƙare ba, kuma da ƙaramin yaro ba zaka ga abin kirki ba. Ka je Asabar da sassafe, ƙarfe 8 suke buɗewa, layin metro mai launin shuɗi zai sauke ka a bakin ƙofa. Ba abin da zaka rasa, domin tun ranar Alhamis sojoji suke bi kabari kabari suna kafa 'yar ƙaramar tuta a gaban kowane dutse, sama da 260,000, kuma suna nan har a gama hutun. In ka tsaya kan tudu ka hango fararen duwatsun nan a jere iya ganinka kowanne da tutarsa, ba sai an maka bayani ba. Mutum sama da 400,000 ne kwance a wajen. Ku hau har kabarin sojan da ba'a san sunansa ba, tun 1921 yake nan, kuma tun 1937 ba'a taɓa barinsa ba mai gadi ba dare da rana ko ana ruwa ko dusar ƙanƙara, a wannan lokacin na shekara duk rabin awa ake canjin gadi, sojan zai yi taku 21 ya tsaya daƙiƙa 21 ya juyo, ƙaramin naka zai so wannan amma ka ja masa kunne tun a hanya, in aka yi surutu mai gadin da kansa zai daka tsawa. Kabarin shugaba Kennedy da wutar da bata mutuwa yana kan hanyar hawan. Wajen tudu ne sosai, a sa takalmi mai daɗin tafiya a riƙe ruwa, kai da madam ku zo da katin shaida don ana bincike a ƙofa.

Shi kuma dogon filin nan na tsakiyar gari da ake kira National Mall, daga ginin majalisa zuwa wajen tunawa da shugaba Lincoln kusan mil biyu ne, a taswira kamar kusa, a ƙafa da yaro ɗan shekara 6 kuwa wata magana ce. Shawarata ku huta da rana ku fito bayan la'asar, rana bata faɗuwa sai wajen 8 da 'yan mintuna, wuraren nan kyauta ne kuma ba'a rufe su, da dare in an kunna fitilu sun fi kyau mutane ma sun ragu.

Maman Sadiq:

Baban Ilham Allah ya raya mana Ilham ya yi mata albarka, wlh tambayar da ta yi ta manya ce, ni saboda ita ma na shigo. Duk abin da Ɗan Maryland ya faɗa haka ne amma akwai wajen da ya bari, kuma shi ne amsar tambayar yarinyar. Ku hau layin metro kore ku sauka a tashar U Street, kuna fitowa zaku ga mutum-mutumin sojoji baƙar fata na yaƙin basasa, an kewaye shi da bango mai ɗauke da sunaye 209,145. Ba ya cika da jama'a kamar sauran, zaku samu natsuwa ku karanta. Ka gaya mata cewa lokacin da aka fara yaƙin tsakanin Arewa da Kudu a 1861 ma ba'a yarda su shiga soja ba, sai bayan sanarwar 'yanta bayi ta Lincoln ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863 aka buɗe musu ƙofa sosai, da yawansu gudowa suka yi daga gonakin iyayen gijinsu a Kudu, suna sane cewa in Kudu ta ci yaƙin matansu da 'ya'yansu sun dawwama a bauta kenan. Wato ba don ƙasar ta kyautata musu suka shiga ba, don su karya sarƙar da hannunsu ne. Kuma ko a cikin sojan ba'a musu adalci ba, ana biyan farar fata dala 13 a wata su kuma dala 10 a cire 3 kuɗin kaki, har wasu suka ƙi karɓar albashin gaba ɗaya sai da majalisa ta daidaita a 1864. Frederick Douglass, tsohon bawa mai fafutukar hana bauta da ya yi ta kiran baƙaƙe su shiga, 'ya'yansa biyu na cikinsa suna cikin waɗanda suka sa kakin, gidansa ma yana nan a unguwar Anacostia in kun samu lokaci.

Kuma ita kanta ranar da zaku je dominta, a hukumance an fara ta 30 ga Mayu 1868 bisa umarnin Janar John Logan, lokacin sunanta ranar ƙawata kaburbura, sai 1971 ta koma Litinin ɗin ƙarshe ta Mayu. Amma tun ranar 1 ga Mayu 1865 a garin Charleston, bayin da suka samu 'yanci sun tono gawarwakin sojojin Arewa 257 da suka mutu a tsare aka tura su rami ɗaya a filin sukuwa, suka sake binne kowa a kabarinsa, suka yi jerin gwano na mutum wajen 10,000 yara 'yan makaranta a gaba riƙe da furanni. Ni wannan labarin duk sanda na tuna sai na ji hawaye, mutanen da ba su mallaki komai ba amma suka ga bai dace a bar waɗanda suka mutu dominsu a rami ba.

Sai gidan tarihin baƙaƙen fatan Amurka da aka buɗe a 2016, kusa da doguwar hasumiyar Washinton yake. Shiga kyauta ne amma sai da tikiti mai lokaci, ka shiga intanet ka kama tun yanzu don na wannan hutun saurin ƙarewa yake. Ana fara kallon ne daga can ƙarƙashin ƙasa, wajen duhu da ƙunci kamar cikin jirgin bayi, akwai ma ragowar wani jirgin Fotugal da ya nitse a 1794 kusa da Cape Town ɗauke da mutanen Mozambik, daga nan kuna hawowa sama tarihi na matsowa. Ku ware masa awa uku ko huɗu kar ku haɗa shi da Arlington rana ɗaya. Amma a matsayina na uwa ina baka shawara, ɗakin da aka ajiye akwatin gawar Emmett Till, yaron nan ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955, kai da Ilham ku shiga, maman ta tsaya da ƙaramin a waje. Nawa yana shekara 7 na shiga da shi kuma ya kwana biyu yana firgita, har yau ina nadama.

In kun je wajen Lincoln ku nemi matakalar da aka rubuta inda Martin Luther King ya tsaya ya yi jawabinsa ranar 28 ga Agusta 1963, ta tsaya a kai ta kalli filin. Ka kuma gaya mata ranar da aka buɗe ginin, 30 ga Mayu 1922, baƙaƙen da aka gayyata ware musu wajen zama aka yi daban, a bikin mutumin da ake cewa ya 'yanta su.

Abu Hafsat:

Salam. Ni dai dan uwa wannan nauyin da kace kana ji a ranka kar ka danne shi, alama ce ta zuciya mai rai. Na je sau daya ranar faretin kuma ban sake ba, ana kida ana tafi ana daga tuta, ni kuma ina tuna hotunan Bagadaza na 2003 da gidajen da aka rusa da yaran da ba wanda zai rubuta sunansu a dutse. Bangon tunawa da yakin Biyetnam din da kowa ke yabo sunayen Amurkawa ne kawai a jiki, su mutanen kasar da suka mutu sun haura miliyan, ina nasu? Ban ce kar ka je ba, gidajen tarihi ilimi ne kuma abin da Maman Sadiq ta fada na yarda da shi dari bisa dari, amma fareti da kade kaden daren Lahadi ni a ganina ba wajenmu bane, kuma in ka kai yara ka gaya musu labarin ta bangare biyu kar su taso suna ganin duk yakin da aka yi daidai ne. Maganar shiga makabartar kuma ka tambayi malamin masallacinku ya fi mu sani.

Kawu Alexandria:

Abu Hafsat Allah ya saka da alheri, maganarka akwai gaskiya a ciki kuma ban zo in musa ba. Ni na girme ku duka ina ga, shekarata talatin da wani abu a yankin nan, na yi adawa da yaƙin Iraƙi tun ranar farko har zanga-zanga na fita a cikin garin nan, ra'ayina kuma bai canza ba. Amma bari in gaya wa ɗana Baban Ilham abin da na gani.

Akwai wani yanki a Arlington da ake kira sashe na 60, nan ake binne waɗanda suka mutu a Iraƙi da Afganistan. Na daɗe ina ƙin zuwa, sai wata shekara a irin wannan hutun na raka baƙo muka bi ta wajen. Ba kiɗa ba jawabi. Iyalai ne zaune kan ciyawa sun shimfiɗa bargo gaban dutse, wata dattijuwa tana goge dutsen ɗanta da ƙyalle kamar mai yi wa yaro wanka, na duba shekarun da ke rubuce na lissafa, ashirin da ɗaya. Ka bi layin kana lissafi, 19, 20, 22, da yawansu yaran talakawa ne daga ƙananan garuruwa, wasu don a biya musu kuɗin jami'a suka shiga. Waɗanda suka zauna a ofis suka yanke shawarar yaƙin suna nan da ransu suna cin fansho. Kuma a cikin duwatsun nan zaka ga masu alamar jinjirin wata da tauraro, musulmi ne irinmu, ɗaya daga ciki Kyaftin Humayun Khan da bom ya kashe a Iraƙi a 2004, wanda mahaifinsa ya yi jawabi a taron jam'iyya a 2016 duniya ta ji. Na tsaya na musu addu'a. Na fito wajen ƙin yaƙin da nake yi ya ƙaru ne bai ragu ba, shi yasa nake ganin zuwa ba yana nufin ka sa hannu a kan abin da aka yi ba.

Ita kanta ƙasar maƙabartar gonar bayi ce ta dangin matar Janar Robert Lee, kwamandan sojojin Kudu, gwamnati ta ƙwace ta lokacin yaƙi aka fara binne mutane a 1864, gidan yana nan a saman tudu da ɗakunan bayin a bayansa. A sashe na 27 akwai baƙaƙe kusan 3,800 da suka fito daga bauta, ba sojoji bane, an rubuta musu "farar hula" ko "ɗan ƙasa" a dutse. Da wuya ka ga mai yawon buɗe ido a can don yana can gefe, amma ku taka ku je, Ilham ta gani.

Bangon Biyetnam kuma, haka ne ba sunan ɗan Biyetnam ko ɗaya, kuma ya kamata ka gaya wa yaran hakan a gaban bangon. Sai dai ka lura da yadda aka gina shi. Wata ɗalibar jami'ar Yale ce mai shekara 21, Maya Lin, ta zana shi, aka buɗe a 1982, kuma a lokacin wasu sun yi ta zaginta suna cewa ta yi musu baƙin tabo na abin kunya, don ba doki ba takobi ba jarumi a tsaye. Baƙin dutse ne mai sheƙi da ya nutse cikin ƙasa, kana fara tafiya yana wajen idon sawunka da suna layi ɗaya, kana gangarawa yana tsawo har ya fi ƙarfin kanka, suna sama da 58,000, ba a jera su da muƙami ba, da ranar mutuwa aka jera, janar da kurtu ba bambanci, kuma kana karantawa kana ganin fuskarka a cikin dutsen. Zaka ga tsofaffi sun ɗora takarda kan suna suna gogawa da fensir su tafi da shi gida. Ni ban taɓa ganin wanda ya fito daga gangaren nan yana murna da yaƙi ba. Ku je da asuba in zaku iya, bayan kun yi sallah gari na wayewa, lokacin ba kowa sai ku da tsuntsaye. Wajen tunawa da yaƙin Koriya yana ɗaya gefen filin, sojoji 19 na ƙarfe sanye da rigar ruwa, na yaƙin duniya na biyu kuma akwai taurari 4,048 a bango kowanne a madadin mutum ɗari, ka bar yarinyar ta yi lissafin da kanta.

Faretin kuwa ni ma ba na zuwa, a nan ina tare da Abu Hafsat.

Abu na ƙarshe, tunda kai musulmi ne mai son yaranka su san tushe. A unguwar Georgetown akwai wani ɗan titi Dent Place, nan wani bawan Allah Yarrow Mamout ya zauna, musulmi ne daga Afirka ta Yamma, masana na cewa Bafulatani ne, an kawo shi a 1752 ya yi shekara 44 a bauta, ya samu 'yanci a 1796 ya yi ta aikin ƙarfi har ya sayi fili da gida, ya rasu a 1823 bai bar addininsa ba, ya iya rubutun Larabci. Gidan babu shi yanzu, amma ni duk baƙon da na samu sai na kai shi ya tsaya a titin nan ko na minti biyar ne.

Ɗan Maryland:

Kawu Allah ya ƙara girma, wlh sau nawa ina sauke fasinja a Georgetown ban san wannan ba. Na manta maganar sallah Baban Ilham, babban masallacin Islamic Center yana titin Massachusetts cikin ofisoshin jakadanci, tun 1957 aka buɗe shi shugaba Eisenhower ma ya halarta, daga tashar Dupont Circle ɗan tattaki ne, amma yana da nisa da filin, don haka ku riƙe 'yar darduma a jaka, ni sau da yawa a kan ciyawa gindin bishiya nake yi ba wanda ya taɓa ce min kanzil. Ku zo da lema ma, ƙarshen Mayu hadari kan taso da yamma ba sallama.

Baban Ilham:

Kai jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri ya jiƙan magabata. Na karanta wa uwargida duka, da muka zo kan labarin Charleston sai da ta ce in maimaita. Mun tsaya a kan Asabar da safe Arlington har da sashe na 27 da na 60, mu huta, da yamma Lincoln. Lahadi gidan tarihi, na samu tikitin ƙarfe 11, daga nan U Street. Litinin da asuba ni da Ilham mu je bangon kamar yadda Kawu ya ce, mu biya ta Georgetown mu kama hanya kafin a fara toshe tituna. Abu Hafsat na riƙe maganarka, zan tambayi limaminmu ranar Juma'a kuma zan gaya musu ɓangare biyun in sha Allah. Maman Sadiq ɗakin nan da kika ce kar ƙaramin ya shiga, akwai alama a ƙofar da zamu gane shi kafin mu kai, ko sai mun tambayi ma'aikata?